Neman kalma: wane suna za mu ba maganin ciwon daji da ake zaɓar wa kowane majinyaci nasa?

1/ Jama'a, ku taimaka mu yanke wa wata kalma hukunci. Kan AI an kusa yin ittifaƙi, "ƙirƙirarriyar basira" ta zauna a bakin mutane. Wadda ta hana ni sakat ita ce wadda Turawa ke kira "personalised", idan ana maganar yadda basirar nan ke taya likita zaɓar wa mai ciwon daji magani.

2/ Mu fara sanin abin kafin mu raɗa masa suna. Mata biyu, gado kusa da gado, kowacce an ce tana da sankarar mama. An yanko ɗan tsoka daga ƙarin kowacce, an shimfiɗa a kan gilashi, an rina, an duba. Na ɗaya cike yake da wani sinadari mai suna HER2, na ɗayar babu. Ta farko za a iya ba ta maganin trastuzumab, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1998. Ta biyu ko an ba ta ba zai tsinana mata komai ba. Sunan ciwon ɗaya, maganin daban.

Haka maganin imatinib ya zo a 2001 don wani nau'in kansar jini, ya nufi lahani guda takamaimai a ƙwayoyin halitta. To yanzu irin waɗannan alamomi sun yi yawan da kan mutum ɗaya ba zai riƙe su ba: sakamakon gwajin ƙwayoyin gado, hoton sikanin, shekarun majinyaci, ƙarfin ƙodarsa da hantarsa. Nan ne na'ura ke shigowa, ta tattara, ta auna, ta nuna wa likita hanyoyin da suka fi kusa.

3/ Ga sunayen da aka kawo mini.

"Magani na musamman": ban karɓa ba. Duk mai tallar magani haka yake kiran nasa.

"Keɓantaccen magani": kunne yana jin kamar za a killace majinyacin ne, ko kuwa abin na masu hali ne kawai.

"Daidaitaccen magani": wannan ma ya juya ma'anar gaba ɗaya, don daidaitaccen abu shi ne wanda aka yi wa kowa iri ɗaya.

4/ Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta tuna mini yadda muke magana tun asali. Mukan ce "maganin nan ya karɓe ni", ko "bai karɓe ta ba". Wallahi na ji daɗin wannan, domin ainihin ma'anar ke nan, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai da na gwada "maganin karɓa" a baki, sai na ji kamar wanda ake bin layi a karɓo a taga. Dole na haƙura da ita, ba don raina ya so ba.

5/ Tawa shawarar: "maganin kowa-da-nasa". Tana da sauƙin faɗa, kuma tsohuwar da ke zaman jinya za ta gane ba sai an yi mata sharhi ba. "Likita ya ce yanzu tsarin kowa-da-nasa ake bi, sai sakamakon gwaji ya fito." Ta zauna daram.

6/ Ɓangare ɗaya ne ba zan sassauta ba. Na ga masu rubuta "likitan kwamfuta". Don Allah a daina. Kamfanin IBM ya yi manhajar Watson for Oncology mai ba da shawara kan maganin ciwon daji, wadda likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering na New York suka horar. A 2018 rahotanni suka fito cewa ta ba da wasu shawarwari marasa inganci, a 2022 kuma kamfanin ya sayar da sashen nasa na lafiya. Idan muka kira na'ura likita, majinyaci zai ji nauyin yi mata musu, alhali shi ne zai sha kemo, wato maganin nan mai ƙarfi na ciwon daji, gashinsa ya zube, shi ya san abin da jikinsa zai iya ɗauka. Ni "mashawarciya" nake kiranta, hukunci kuwa yana hannun likita da majinyaci.

7/ Jimlar ke nan: "ƙirƙirarriyar basira a matsayin mashawarciya wajen zaɓen maganin kowa-da-nasa ga masu ciwon daji". Ta yi tsawo ga kanun labari, na sani. Malaman harshe da likitocin da ke nan, wa zai rage mata tsawo ba tare da ya cire "mashawarciya" ba?