AI na ƙara wa ƙwararren mai rubuta manhaja sauri, ko cin lokacinsa yake yi?

Tsohon Hannu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga matsayata, wanda bai yarda ba ya kawo hujja: mutumin da ya daɗe a manhaja ɗaya, ya san ta ciki da bai, AI ba ya ƙara masa sauri. A watan Yulin 2025 cibiyar METR ta fitar da bincike kan ƙwararru 16 da ayyuka 246 a manyan manhajojin da suka shekara suna kula da su. Kafin a fara sun ce AI zai rage musu lokaci da kashi 24. Da aka auna, lokacin ya ƙaru da kashi 19. Abin da ya fi damuna, bayan sun gama ma sun ce ai sun yi sauri da kusan kashi 20.

Mai Python: Wa alaikumus salam Malam. Mutum 16 fa? A 2022 kamfanin GitHub sun gwada mutum 95, waɗanda suka yi amfani da Copilot, wato AI ɗinsu mai taya rubuta manhaja, suka riga sauran gamawa da kusan kashi 55. Wanne za mu ɗauka?

Tsohon Hannu: Dubi aikin da aka ba su, ƙanena. Sabar HTTP ce, wato manhajar da ke amsa buƙatun shafukan intanet, a yaren rubuta manhaja na JavaScript, daga farko, irin wadda misalanta suka cika intanet. Ba tsohon kod (rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi), ba dokokin da aka kafa shekaru biyar da suka wuce ba a rubuta su ko'ina ba. Kuma mai kayan ne ya yi gwajin kayansa.

Mai Python: Na ji. Amma kayan da aka yi amfani da su a binciken METR na farkon 2025 ne, wato kayan AI na Cursor da Claude na wancan lokacin. Abin nan wata shida ma canzawa yake. Ni dai jiya na ba AI rubuta gwaje-gwajen da ke duba ko wani sashen manhaja na aiki daidai, aikin da na yi wata biyu ina ɗagawa, kafin in gama duba wani aikin ya kammala. Da ba don shi ba, har yau babu gwajin. Wannan ribar ba ta fitowa a agogo.

Injiniya Tsaro: Ku yi haƙuri in shigo. Ni sauri bai dame ni ba, bita ce ta dame ni, domin ni ake turo wa kod in duba kafin ya shiga. A da idan abokin aiki ya turo layi 200, na san ya yi tunani a kan kowane layi. Yanzu layi 900 ke zuwa, a tsare, sunaye masu kyau, bayani a kowane lungu, in na tambaye shi me ya sa ya yi kaza sai ya yi shiru. Saurin da ya samu a kaina ya sauke shi. Watan jiya na tarar an sa sunan wani laburare, wato shiryayyen kod da ake ɗaukowa daga intanet a saka a manhaja, da babu shi sam, AI ne ya ƙago sunan. Da wani mugu ya riga ya yi rajistar wannan sunan ya cusa masa cuta, da da hannunmu muka shigo da ita.

Mai Python: Hajiya, wannan laifin mutumin ne, ba na kayan aiki ba.

Injiniya Tsaro: Na yarda laifinsa ne, Yaya. Amma kayan da ke fitar da kuskure cikin kamannin daidai yana sa ido ya yi sanyi. Tun 2021 masu bincike a Jami'ar New York suka sa Copilot ya rubuta manhajoji sama da 1,600, kusan kashi 40 suna da kafar da ɓarawo zai bi. An inganta sosai tun lokacin, ban musa ba. Sai dai a binciken Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta kod, na 2025, babban ƙorafin masu rubuta kod shi ne amsar da ta kusa daidai amma ba daidai ba. Wadda ta lalace ƙuru-ƙuru ai nan take za ka gane ta.

Sabon Shiga: Manya, ina da tambaya. Idan ku da kuka ƙware kuna shan wahalar gane kuskurensa, mu da muka fara koyo da shi fa? Andrej Karpathy da ya fito da maganar vibe coding a Fabrairun 2025, wato ka bar AI ya rubuta ba ka karanta ba, ai shi ma gwani ne.

Tsohon Hannu: Shi kansa ya ce don ƙananan ayyukan gwaji ne da za a yar. Kuma in abu ya watse ya san inda zai duba, kai ba ka kai nan ba tukuna. Ka rubuta da hannunka, ka makale, ka nemo dalili, sannan ka tambaye shi.

Mai Python: A nan muna tare, Malam. Inda muka rabu shi ne cewar da ka yi ba ya taimakon ƙwararre. Ƙwararre ma ba kullum yake cikin abin da ya sani ba. Ranar da aka ce in taɓa kod na Rust, yaren da ban saba da shi ba, ni ma ɗan koyo ne, kuma a ranar AI ya rage mini kwana uku na karatun takardu.

Tsohon Hannu: To ka gyara mini magana, na karɓa. A inda nake baƙo yana taimakona. A inda na sani, bayyana masa abin da ke kaina ya fi rubutawar tsawo. Amma kwana ukun nan, ka auna su ko ka ji a jikinka ne? Mutanen METR ma sun ji a jikinsu.

Mai Python: Ban auna ba. Daga Litinin zan riƙa rubuta lokacin kowane aiki har mako biyu, in kawo muku.

Injiniya Tsaro: Ka haɗa da lokacin da wanda zai duba maka kod ɗin ya ɓata.