Tattaunawa kan "wax and wane": cikar wata da raguwarsa a bakin Turawan Ingila

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a makarantar sakandare, kuma a makon jiya wata ɗaliba ta tambaye ni ma'anar "wax and wane", maganar da ta gani a rubutun da ke bayanin yadda dauloli suke bunƙasa sannan su yi rauni. Na gaya mata cewa "wane" na nufin raguwa a hankali, musamman irin wadda wata yake yi bayan daren sha huɗu. Da ta nemi karin maganar Hausa mai kama da ita, sai na ba ta "komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo", amma har yau zuciyata ba ta kwanta da wannan amsar ba.

Hajiya Rakiya: Wa'alaikumus salam, Malam. Da gaskiyar zuciyarka da ta ƙi kwanciya, domin jifa in ya faɗo ya faɗo ke nan, ba ya sake tashi da kansa, alhali shi wata in ya ɓuya, bayan kwana ɗaya ko biyu za a ga jinjirinsa a yamma. Zagayen nan na kusan kwana 29 da rabi shi ne gishirin maganar. Ni da "duniya juyi-juyi" zan ba yarinyar, ko kuwa "duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya".

Ɗanlami: Iyayena, a gafarce ni in na yi kuskure. Ni a tunanina maganar daga kyandir ta samo asali, tun da "wax" shi ne kakin zuma, kuma kyandir ƙanƙancewa yake yi yayin da yake ci.

Malam Isiyaku: Ɗanlami, tunaninka ya biyo hanya mai ma'ana, sai dai kalmomi biyu ne daban waɗanda zamani ya haɗa rubutunsu. A tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi kafin shekarar 1100, kakin zuma "weax" ne, girma kuwa "weaxan", kuma har gobe Jamusawa suna cewa "Wachs" ga kaki, "wachsen" ga girma. Daga baya kalmar "grow" ta ture wannan aikatau daga bakin mutane, har ya zama ba a cika jinsa ba sai a cikin 'yan maganganu irin wannan.

Ita kuwa "wane", wadda ta fi jan hankalina, ta fito ne daga "wanian", wato ragewa ko raguwa, kuma saiwarta tana ɗauke da ma'anar rashi. 'Yar'uwarta ce "want", wadda ta shigo Ingilishi daga harshen tsofaffin mutanen Sikandinabiya, kuma ma'anarta ta farko rashin abu ce, kafin ta koma son abu, tun da mutum abin da ya rasa yake nema. Haka kuma "wan" da ke farkon "wanton" rashi yake nufi, kalmar gaba ɗaya kuwa tana nufin wanda bai samu tarbiyya ba. Masana asalin kalmomi suna danganta wannan saiwa da "vanus" ta Latin, wato abin da ba komai a cikinsa. Saboda haka Bature in ya ce wata yana "wane", hoton da ke ƙarƙashin maganarsa shi ne na abin da ake yi wa giɓi dare bayan dare.

Malama Hadiza: Allah ya ƙara ilimi, Malam. Wannan hoton ya tuna mini da aya ta 39 a Suratu Yasin, inda aka kwatanta wata a ƙarshen tafiyarsa da tsohon karan tumun dabino, siriri, lanƙwasasshe. Ina so in ƙara da cewa kada ɗalibai su haɗa "wane" da "dwindle", wadda ta bayyana a rubuce a ƙarshen ƙarni na 16 daga tsohuwar kalma "dwinan", wato ramewa har a ƙare. Hatsin rumbu "dwindle" yake yi, domin babu mai jiran ya cika da kansa.

Malam Sabi'u: Na ƙaru ƙwarai. Sai dai, Hajiya, ban janye gaba ɗaya ba, domin Turawa suna cewa "on the wane" game da ɗan siyasa ko ɗan wasan da tauraronsa ya fara dusashewa, ba tare da sun kawo "wax" ba, kuma mai faɗar haka ba ya sa ran dawowarsa. A wannan wurin ina ganin jifan nan nawa ya dace.

Hajiya Rakiya: A wannan wurin kam na yarda, Malam, amma ɗalibarka kalmomin biyu ta gani a haɗe, kuma a kan dauloli ake magana. Ka tambaye ta ko marubucin daula ɗaya yake nufi wadda ta faɗi ba ta sake tashi ba, ko kuwa mulki ne da yake barin hannu ya koma wani hannun, sannan ka zaɓa mata.