Baje kolin lantarki na farko: a ina aka fara kai wuta nesa?

Habu Birni: Assalamu alaikum. Malamai, a baje kolin lantarki na Paris na 1881 ne aka fara jan kuran daga wani gari zuwa wani, ko sai daga baya?

Malam Isuhu Zango: Wa alaikumus salam, ƙanena. A'a. A Paris injinan dinamo masu samar da wutar a wurin baje kolin suke, kusa da fitilun da suke ciyarwa. Abin kallo shi ne ƙwan fitila na Edison da Swan da Maxim, da taragon lantarki na Siemens, da na'urar Clément Ader da ke jiyar da mutane waƙar gidan Opera ta wayar tarho. Amma a ganina babban aikin shekarar shi ne taron masana da ya tsayar da ma'aunai: volt na ƙarfin turin kuran, om na turjiyar waya, amfiya na yawan kuran da ke gudu.

Jan wuta sai 1882 a baje kolin Munich ta Jamus. Marcel Deprez da Oskar von Miller suka jawo kuran DC (mai gudu ta fuska ɗaya) daga garin Miesbach, kilomita 57, kusan volt 2,000, a kan wayar talgiram ta ƙarfe. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ya isa, sauran ya salwanta a hanya, injin kuma ya lalace bayan 'yan kwanaki.

Hajiya Rabi: Malam ya faɗi daidai, bari in ƙara dalili. Idan amfiya ta ninka biyu, zafin da waya ke ci yakan ninka huɗu. Maganin shi ne a ɗaga volt: ka ɗaga shi sau goma, amfiya ta sauka sau goma, asara ta sauka sau ɗari. Tiransfo ke wannan aiki, shi kuwa ba ya aiki da DC. Shi ya sa baje kolin Frankfurt na 1891 ya fi muhimmanci: kuran AC (mai juya fuska gaba da baya) mai faz uku, wato kuran uku masu bin juna, daga garin Lauffen, kilomita 175, volt 15,000, wayoyin tagulla uku masu kaurin milimita 4. Kusan kashi 75 cikin 100 ya isa, ya kunna fitilu 1,000 da famfon da ke kwararo ruwa. Dolivo-Dobrovolsky na kamfanin AEG da Charles Brown na kamfanin Oerlikon suka tsara injinan.

Malam Isuhu Zango: Madalla, Hajiya. Kada a manta baje kolin Turin ta Italiya na 1884, inda Gaulard da Gibbs suka gwada tiransfonsu tsakanin Turin da Lanzo. Sun jera su a layi ɗaya, don haka idan lodi ya canza a wuri guda sai volt ya rikice wa saura. Injiniyoyin kamfanin Ganz na Budapest suka gyara wannan a 1885. Habu, layin da ke kawo wa Damagaram wuta daga Katsina ta garin Gazawa ma mai faz uku ne, a volt 132,000.