Gasar tashi da lema ta kwana shida, karo na farko: in shiga ko in ƙara jira?

Shirwa_Denizli:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar duk wanda ya taɓa shiga gasar faragilaida, wato tashi da lema daga kan dutse, irin wadda ake kwana biyar ko shida ana fafatawa.

Ni ɗalibi ne a Denizli nan Turkiyya, shekara biyu kenan da na fara tashi, a Pamukkale na koya, daga baya na je Ölüdeniz na yi kwas ɗin da ake koya maka abin da za ka yi in lema ta naɗe maka a sama, a saman teku ake yinsa ga kwale-kwale yana jiranka a ƙasa. Yanzu ina da awa 80 da 'yan kai, lemata EN-B ce, wato ajin masu matsakaicin ƙwarewa, tafiya mafi nisa da na taɓa yi kilomita 42. Malamina ya ce in yi rajistar gasar da ake yi a Çameli lokacin zafi, wai na isa. Wlh raina yana so sosai amma tun ranar da ya faɗa min nake juyi a gado. Na kalli bidiyon yadda lema kusan ɗari ke taruwa wuri ɗaya suna zagaye kamar shirwa a kan mahauta, ni kuma ban taɓa juyawa da fiye da mutum biyar a iska ɗaya ba. Sannan kwana shida a jere jiki zai ɗauka kuwa? Wane takardu ake nema? Ya kuke yi da salla tunda azahar a sama za ta same ka? Na gode.

Baban_Ummi:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ni a Cape Town nake zaune, na shiga gasa sau uku a Porterville, kamar tafiyar awa biyu ce da mota daga nan, a watan Disamba ake yi lokacin da zafi ya kai zafi an gama yankan alkama gonaki sun zama fili fetal. Amsata a taƙaice ita ce ka shiga, amma ka shiga da niyyar ka tashi kullum ka sauka da ƙafarka kullum, maganar kofi ka ajiye ta gefe tukuna.

Bari in ba ka yadda yini ɗaya yake, don tsoron abin da ba ka sani ba ya fi yawa. Da safe za ka karɓi tiraka, 'yar na'ura ce da ke nuna wa masu gasa inda kake kowane lokaci, ka sa hannu a takarda, a loda ku a mota zuwa kan dutse. Can za a zauna jira, wani lokaci awa biyu a rana babu inuwa, har kwamiti ya gama duba yanayi ya rubuta aikin ranar a allo. Za su ba ku wuraren juyawa, kowanne da'ira ce a kan taswira mai faɗin da aka ƙayyade, wata mita 400 wata kilomita da yawa, dole GPS ɗinka ya nuna ka taɓa kowacce bi da bi har ka kai gol. Yawanci kilomita 50 zuwa 100 ne, awa biyu zuwa huɗu a sama. Ka shigar da su a na'urarka ko a manhajar XCTrack in waya kake amfani da ita, sannan dan girman Allah ka haɗa da na maƙwabcinka ku duba ko jimillar kilomitar taku ta zo ɗaya. Rana ta biyu a gasata ta farko na rubuta faɗin da'ira ɗaya ba daidai ba, na juya saura kaɗan in taɓa ta, na ci gaba da tafiya ina murna har kilomita ashirin gaba, da dare aka fito da sakamako na ga a nan wurin aka tsayar min da lissafi. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Maki kuma 1000 ne mafi yawa a rana in aikin ya cika sharuɗɗa, ana raba shi tsakanin nisan da ka yi, da saurinka, da kuma ladan kasancewa a gaba. A matakinka nisa ne abincinka. Wanda ya lallaɓa ya kai gol a makare ya fi wanda ya taka totur ya wuce kowa sannan ya faɗi a gona a kilomita 15. Masu lemar EN-D da CCC, ajin lemomin ƙwararru, za su bar ka tun a tsallaken farko, kar ka ce sai ka bi su, lemarsu ta fi taka gudu da nisan zamiya, in ka bi su a tsayin da suke bi su za su isa tudu na gaba kai kuma ƙasa za ka sha. Amfaninsu gare ka shi ne su nuna maka inda iska mai ɗagawa take. Kana hango su sun fara zagaye ka san akwai tamal a wurin, ka hau naka har ƙarshe sannan ka nufi can.

Taron nan da kake tsoro, gaskiya abin tsoro ne, ba zan ɓoye maka ba. Ya fi muni kafin a buɗe ƙofar farawa, saboda kowa ya tashi yana jiran lokaci a wuri ɗaya. Shi ya sa ake sanar da ɓangaren da kowa zai juya a ranar, hagu ko dama, kuma ba a saɓawa. Idonka kar ya zauna a kan na'ura, kunnenka ya ishe ka jin kukan bariyo, na'urar da ke nuna hawa da sauka, ido na mutane ne. Ka riƙe faɗin zagayenka daidai da na sauran, kar ka yanko ta ciki, in ka ji abin ya fi ƙarfinka ka fita gefe ka nemi taka iskar ko da ka makara minti biyar. Ni ranar farko har ina jin ƙarar kyallen lemar wani a saman kaina, hannuna yana rawa a kan birki, na fice na bar musu. Zuwa rana ta huɗu ina cikinsu ina ma gane wanda ya iya da wanda ya kamata in nisanta.

Takardu: lasisin tashinka, katin IPPI da ke nuna matakinka, lasisin gasa na FAI, hukumar wasannin sama ta duniya, in gasar tana cikin jerinsu, wannan ta hannun ƙungiyar da ke wakiltarsu a ƙasa ake samu, ka fara nema da wuri don yana ɗaukar lokaci. Sai inshora, ka karanta da kyau ka tabbata ta rubuta gasa ƙarara da kuɗin ceto da asibiti, da yawa suna cire gasa a ƙananan rubutun ƙasa. Lemar ko-ta-kwana a sake naɗe ta kafin ka tafi, hular kwano, oba-oba mai caji.

Salla ba matsala ba ce, matafiyi ne kai. Ni ina haɗa azahar da la'asar in na sauka, da ɗan yadin salla a aljihun kujerata, ruwan da ya rage min na sha in yi alwala. Na sha yin salla a tsakiyar karan alkama ina jiran motar kwasa. Ka tambayi malami kan hukuncin zaman da ya wuce kwana huɗu a gari ɗaya don ka samu natsuwa.

DanZongo_Nkawkaw:

Salam. Ni ban taɓa gasa ba amma a garinmu ake sauka. Tun 2005 ake bikin tashi da lema a Kwahu nan Ghana lokacin Ista, suna tasowa daga dutsen Odweanoma a Atibie su sauka a filin ƙwallon Nkawkaw, muna yara mukan ruga mu je kallo. Namu ba tsere ba ne, matuƙa ne ke zuwa daga ƙasashen waje suna ɗaukar mutane bibbiyu. Sau ɗaya aka ɗauke ni, wlh da ƙafata ta bar ƙasa na ga rufin kwanon garin gaba ɗaya da titin Kumasi kamar zare sai da na yi kabbara da ƙarfi.

Abin da na lura da shi kawai, a kwanakin bikin akwai lokacin da mutane sun yi layi sun biya kuɗi amma matuƙan su zauna su ƙi tashi sam saboda iska ta juya, ana ta gunaguni ko a jikinsu. Toh ina tambaya Baban Ummi, a gasa in kai ka ga iska ba ta yi maka ba amma sauran suna tashi, dole ne ka tashi?

Anti_Maijidda:

Ɗana ni tambayata ɗaya ce, mahaifiyarka ta san kana wannan abu? Karatu aka tura ka. Ban ce haramun ba ne kuma ban ce ka bari ba, na ga yadda kake rubutu abin ya shiga ranka, amma tashi don nishaɗi daban, tsere daban. Duk inda aka ce ga na ɗaya ga na biyu matashi sai ya yi abin da ba zai yi ba in shi kaɗai ne. Ina da ɗa sa'anka a waje, da zan ji labarin irin wannan a bakin wani ba a bakinsa ba zai yi min ciwo ƙwarai. Ka kira ta ka yi mata bayani ka nemi albarkarta kafin ka biya kuɗin rajista.

Baban_Ummi:

Anti maganarki gaskiya ce, kuma abin da kika faɗa kan tsere shi ne ainihin haɗarin. A 2011 a gasar duniya ta Piedrahita a Sifen mutum biyu suka rasu rana ɗaya aka dakatar da gasar gaba ɗaya, daga nan aka hana irin lemomin da ba a gwada ba, daga baya aka fito da ajin CCC mai ƙa'ida. A 2007 kuma a Manilla ta Ostireliya hadari ya zuƙe wata matuƙiya Ewa Wiśnierska tana atisaye kafin gasar duniya, ya kai ta mita 9,946, ta suma a can ƙanƙara ta rufe ta, Allah ya yi da sauran kwananta ta sauko da rai, wani matuƙi ɗan Chana da hadarin ya kama ranar bai tsira ba. Waɗannan duk ƙwararru ne ba 'yan koyo ba.

Dan Zongo, ba dole. Babu mai tura ka. In ba ka tashi ba ka rasa makin ranar, shi kenan, sai dai ka sanar da masu gasa don kar a neme ka. A sama ma akwai lambobi da ake faɗa a oba-oba, ɗaya lafiya lau, biyu iska ta yi ƙarfi a kula, uku haɗari, in rahoton uku ya yi yawa shugaban gasa yana tsayar da aikin kowa ya nemi wurin sauka. Shiga cikin gajimare kuwa laifi ne ana cire maki.

Ƙanina ga abin da na manta, gajiya. Ita ce ba a gani a bidiyo. Rana ta farko da ta biyu zumuɗi ke ɗauke da kai, ta uku za ka tashi wuyanka ya sage saboda waige-waige, leɓe ya tsage, kai yana sarawa. A ƙasa kana gumi a cikin rigar sanyi kana jiran layi, minti ashirin bayan haka kana mita 3000 yatsunka sun ƙandare, Çameli ma wurin tashinsu yana da tsayi sosai don haka ka tafi da safar hannu ta kirki. Mutane suna ƙin shan ruwa don gudun fitsari a sama, kuskure ne babba, rashin ruwa ke sa ka yanke shawarar banza a awa ta uku, akwai robar da ake sawa don wannan ka tambayi malaminka ba abin kunya ba ne. Dabino da gyaɗa a aljihun da hannu zai kai. Da dare ka sa komai a caji ka kwanta da wuri ka bar masu hira.

A rana ta biyar ta gasata ta biyu ina kan Dasklip, wurin tashi na Porterville, na shimfiɗa lema na ɗaura komai, sai na ga guguwa ta taso daga gefen hanya tana murɗa ƙura, irin dai wadda muka sani a gida da rani, ta ɗaga lemar wani da ke gabana ta nannaɗe. An danne shi bai ji ciwo ba. Na duba kaina na ga daren jiya ban yi barcin kirki ba, na ɗaura igiyar ƙafa ɗaya a karkace ban ma lura ba sai da wani ya nuna min. Na kwance kayana na bi mota na sauko. Na koma baya sosai a jerin maki, raina ya ɓaci a ranar, amma washegari na tashi garau kuma ita ce ranar da na fara kai gol a rayuwata, can wajen Citrusdal bayan mun tsallake duwatsu, wata ungulu ce ma ta nuna min iskar ƙarshe da ta kai ni.

In ka sauka a daji, abu na farko ka tattare lemarka nan take, lema a shimfiɗe ba motsi alama ce ta mutum ya ji rauni, na sama za su kira ceto. Na biyu ka aika saƙon ka sauka lafiya kafin lokacin da aka sa ya cika, in ba haka ba za a fita nemanka kuma za a hukunta ka. Ka kula da wayoyin lantarki, daga sama ba a ganin waya sai dai turakunta.

Shirwa_Denizli:

Allah ya saka da alheri, Yaya na kwafe duk abin da ka rubuta. Anti na ji maganarki, Hajiya ta san ina tashi amma ban faɗa mata zancen gasa ba, jiya bayan isha na kira ta muka daɗe, ta yi shiru sannan ta ce in riƙa kiranta kullum da na sauka kuma in ba ta lambar malamina, na ba ta. Na duba inshorata na ga lallai ta cire gasa, gobe zan nemi wata. Malamina ya ce ƙarshen makon nan za mu je Çameli mu biyu da wasu ɗalibansa huɗu, ya tsara mana ɗan aiki na kilomita 30 mu gwada shigar da da'irori da juyawa tare kafin in tura rajista. Yaya in ba damuwa zan turo maka hoton allon XCTrack ɗina ka duba min yadda na jera shi.