Motona na kuka a hanyar Tawa, in canza pinyon ko in bar shi?

Ɗan Ader a Yamai:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri maganata za ta yi tsawo, kwana uku ke nan tana hana ni barci.

Ni ɗan Tawa ne, aiki ya kawo ni Yamai shekara huɗu da suka wuce. Tsohuwata na can gida, ƙafa na damunta tun bara, kuma ni ne babba a ɗakinmu, ƙannena mata duk sun yi aure, ɗaya a Abalak, ɗaya a Madawa. Da bas nake shiga duk bayan wata biyu. Kun dai san yadda abin yake, kuɗin zuwa, kuɗin dawowa, kuɗin kaya, in ka sauka kuma sai ka nemi kabu-kabu zuwa ƙauyen kawuna, wanda in ban je gaishe shi ba sai an shekara ana maganar. Da na kwashi adashe sai na ce bari in sayi moto in huta. Mai ɗakina ta ce a'a, a sayi firiji ta riƙa saida ƙanƙara. Muka yi ta ja har babbar yayarta ta sa baki, daga ƙarshe dai na sayi abina. Mai inji 125 ne ƙirar Sin, bitis biyar, na hannu ne amma mai shi bai wahalar da shi ba.

Da babbar Salla na yi tafiyar farko, na tashi bayan asuba. Cikin gari lafiya lau. Ina wuce Kure, gudron ya miƙe, na kai 75 zuwa 80, sai inji ya kama kuka kamar injin markaɗe. Ƙafata sai laluben bitis na shida take, babu. Kafin Doso hannuwana sun mutu, madubi na rawa har ba na gane abin da ke bayana mota ce ko kamiyo. Da na tsaya a Dogon Dutsi na tarar kusa ɗaya ta lambar baya ta kwance ta faɗi. Na shiga Tawa bayan magariba, kwana biyu kunnena na zuu.

Wani abokin aikina ya ce maganin pinyon ne, wato ƙarfen nan mai haƙora da sarƙar moto ke hawa, a ƙara haƙoran na gaba a rage na baya, inji ya huta, esansi ya ragu. Makanikin unguwarmu kuma ya ce kada in taɓa komai. Ƙarshen Disamba zan koma. Don Allah wanne zan bi? Tsorona kada in lalata moto, a samu abin faɗa a gida.

Mai Gareji:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu labarin firiji da na yayar matarka, amma abin da ake buƙata ba ka faɗa ba. Haƙora nawa ne a pinyon ɗinka na gaba, nawa ne a kuron, wato babban na tayar baya? Buɗe murfin ka duba, galibi an buga lambar a jikin ƙarfen. In ta goge, sa alli a haƙori ɗaya ka ƙirga. Sannan kai kaɗai ne a kai ko da kaya?

Ɗan Ader a Yamai:
Gaskiya ne Yaya, na manta. Na duba, 14 gaba, 41 baya. Shen ɗin, wato sarƙar, an rubuta lamba 428 a jikinsa.

Mai Gareji:
To magana ta ƙare. Sa 15 gaba, 38 baya. Shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'a, masu zuwa Gaya, masu zuwa Ƙwanni, duk haka nake yi musu, babu wanda ya dawo da kuka. 14 da 41 an yi shi ne don mai ɗaukar buhu uku cikin yashin unguwa, ba don gudron ba. Makanikin da ya ce kada ka taɓa, ƙyuyar kwance taya yake.

Mai Kabu-kabu:
Ni dai ban yarda ba. Waɗanda suka ƙera moton sun fi mu sani. Na taɓa sa 15 a nawa, wata biyu na ƙone ambireyaji, wato kuloci, don duk tashi sai ka riƙe shi rabi-rabi kafin moto ya ɗauka. Kuma pinyon ɗin da aka saida mini ashe na banza ne, kwali mai kyau, ciki gwangwani. Sati shida haƙoran suka lanƙwashe kamar ƙumbar shaho. Na mayar wa mai shagon ya ce wai ni ne ba na sa mai. Jikka uku ta ta tafi haka nan. Yanzu kayan moto sai dai Allah, kowa cuta ya sa gaba, ga masu motoci ba sa ganin mu a hanya sai ka ce ba mutane ba.

Mai Gareji:
Kai aikinka tashi-tsaya ne da fasinja biyu, shi kuma kilomita ɗari biyar da hamsin zai miƙe. Ina haɗin biri da gada?

Malamin Lissafi:
Bari in sa baki da ɗan abin da na sani. Raba haƙoran baya da na gaba. 41 a raba da 14 ya ba da 2.93, wato pinyon zai juya kusan sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. In ka sa 15 ka bar 41, ya koma 2.73, juyin inji ya ragu da kusan kashi 7 cikin 100. In ka bi na Mai Gareji, 15 da 38, ya koma 2.53, ragin ya kai kashi 13 da rabi. Haƙori ɗaya na gaba daidai yake da kusan uku na baya, don haka shawararsa kamar ƙara haƙori biyu ne a gaba.

A ce misali injinka na juya 7,000 a minti lokacin da kake gudun 80. Da 15 da 41 zai sauko wajen 6,500. Da 15 da 38 wajen 6,050. Kunnenka da hannunka za su ji daɗi, babu musu.

Amma pinyon ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko na anini. Abin da ka samu na hutawa, ka biya shi da ƙarfin ja. Irin waɗannan 125 ƙarfinsu bai wuce doki goma ko sha ɗaya ba, kuma sai sun juya sosai suke ba da shi. Ka ce Disamba za ka tafi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, kai kuma gabas za ka fuskanta har Tsarnawa, daga nan ka karya arewa zuwa Tawa. Wato a ƙirji za ka ɗauke ta kusan duk hanya. In kana gudun 80 iska na zuwa maka da 20, turin da take yi maka na mai gudun 100 ne, kuma turin iska ba bin gudu yake sannu-sannu ba, daga 80 zuwa 100 ya ƙaru da fiye da rabi. A nan ne mai dogon pinyon zai murɗa hannu har ƙarshe a bitis na biyar moto ya ƙi wuce 65, ya koma na huɗu, kukan da ya gudar wa ya dawo, esansi kuma ya fi na da tafiya. Ni 15 kaɗai zan sa, in bar kuron yadda yake.

Mai Gareji:
Malam, alli daban, sifana daban. Ni ban iya raba 41 da 14 ba, amma hannuna ya kwance inji fiye da yawan ɗalibanka. 15 da 38.

Malamin Lissafi:
Ban raina hannunka ba, Maigida. Tambayarka ta biyu ce har yanzu bai amsa ba. Kaya nawa zai ɗauka?

Ɗan Ader a Yamai:
Kaya ba su da yawa. Buhun shinkafa ɗaya na kilo 25 na tsohuwa, jarkar mai, jakata, sai ɗan yayar mai ɗakina da zan sauke a Ƙwanni, amma shi siriri ne, bai kai komai ba. Kuma gaskiya akwai abin da ban faɗa ba. Tun makon jiya na riga na saya a Katako, 16 gaba da 38 baya. Abokin aikin nan nawa ya raka ni, shi ya ce in za a yi a yi da kyau.

Mai Kabu-kabu:
Inna lillahi. Kai ba shawara ka zo nema ba, shaida ka zo nema.

Malamin Lissafi:
16 da 38 ya ba da 2.38, ragin kusan kashi 19 cikin 100 ke nan. Daga 7,000 ka sauko wajen 5,700. Da shinkafa da jarka da yaro da iska. Hawan da ke bayan kwarin Badagishiri da bitis na uku za ka yi shi, in ka yi sa'a. Kuma in inji na jan nauyi a ƙasa-ƙasa kana danna shi yana ƙara kamar ana buga ƙusa, wannan ya fi kukan sama cutar da shi, balle inji da iska ke sanyaya shi.

Mai Gareji:
16 kam ya yi yawa, wannan na yarda. A wasu motocin ma shen ɗin goga murfi yake. Ajiye 16, sayi 15, yi amfani da 38 ɗin da ka saya. Ka ga ba ka yi asara duka ba. Kuma kada ka kuskura ka ɗora tsohon shen a kan sabbin haƙora, zai cinye su kafin ka dawo. Je bayan kuron ka ja shen ɗin da yatsa, in ya ɗago har ka ga rabin haƙori, ya mutu. Sayi 428H, ya fi kauri. In an ɗaura, a bar masa wasa kamar yatsa biyu a tsakiya, kuma a gwada da kayan a kai, don in ka zauna kai da buhu shen ƙara tsukewa yake.

Ɗan Ader a Yamai:
Yaya, ai shen ɗin bai tsufa ba, wanda ya saida mini ya ce bai daɗe da canza shi ba, kuma mutumin kirki ne, masallacinmu ɗaya. Batun 16 kuma, abokina shi ma 16 ne a nasa kuma kullum yana zuwa Kollo da shi lafiya lau. Ni ba gudu nake so ba, so nake inji ya yi shiru. In ya ƙi ja ai sai in rage bitis, ba don haka aka yi su biyar ba? Mai shagon ma ya ce ba a mayar da kaya.

Malamin Lissafi:
Kollo kusa ce, kuma shi kaɗai ne a kai. Ka tambaye shi moton nasa 125 ne ko 150.

Ɗan Ader a Yamai:
150 ne, amma ai kusan ɗaya ne.

Maman Biyu:
Ni ban san pinyon ba, amma ƙanena kai da yaron mutane a moto har Ƙwanni cikin hazon hunturu? Uwarsa ta sani? Maigidanmu haka ya yi ta taurin kai da moto tsakanin Yamai da Doso, wai yana tattalin kuɗin bas, sai da wata akuya ta gitta masa kusa da Birnin Gaure. Wata huɗu yana kwance, kuɗin magani ya sayi moto biyu, kuma danginsa ko ɗaya bai kawo dala ba, ni ce da tallan yara muka riƙe gidan. Har yau in an yi sanyi kafaɗar na tashi. Ka aika shinkafar da yaron a bas, in ya so kai ka hau abinka. Da ka sayi firijin ma da yanzu ba mu nan.

Ɗan Ader a Yamai:
Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma maganar firiji ta wuce don Allah. Uwar yaron ce da kanta ta roƙe ni.

Tsohon Direba:
Ku duk kuna ta haƙora, ni abin da na gani daban ne. Rawar da ta kwance masa kusa, kun tabbata daga pinyon take? Moto na hannu ne. A duba kusoshin da suka riƙe inji da firam, a duba ko taya ta karkace, a duba waya-wayan gaba. Na ga moton da aka canza wa pinyon sau biyu ashe kusa ɗaya ce ta saki a ƙarƙashin inji. Sannan yaro, 125 ba a yi shi don ya yini a 80 ba. Riƙe 65 zuwa 70, tsaya Doso, tsaya Dogon Dutsi, tsaya Ƙwanni ka duba man inji, ka shafa wa shen mai kaɗan, kada ka cika, don yashi in ya haɗu da baƙin mai kamar dutsen wasa yake zama. Esansi kuma ka sha a gidan mai, a 2024 an sauke lita zuwa sefa 499. Na kwalba a bakin hanya tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 ya daina araha, ga shi ba ka san abin da aka haɗa a ciki ba. Kuma ka tambayi jandarmomi kafin ka tashi, don akwai yankunan da aka hana yawo da moto saboda tsaro, kada dare ya same ka a hanya.

Ɗan Ader a Yamai:
Baba na gode. Amma in na riƙe 65 yaushe zan isa? Da 80 ma sai bayan magariba na shiga.

Mai Gareji:
Shi ya sa na ce 15 da 38. Kawo shi Asabar, minti arba'in an gama. Kusoshin da Baba ya faɗa ma zan duba maka kyauta.

Malamin Lissafi:
Ko ka gwada mai sauƙin tukuna. 15 kaɗai, kuron ba a taɓa shi ba. Ɗaura buhun, ɗora yaron, je Kure ka dawo da hantsi lokacin da iska ta tashi. In bitis na biyar na riƙe 75 ba tare da ka ƙure hannu ba, sai ka yi tunanin 38. In ya gaza, ka san amsarka da kuɗin pinyon ɗaya.

Ɗan Ader a Yamai:
To na ji duka, Allah ya saka da alheri. Ina ganin tunda na riga na saya, zan fara ɗaura 16 ɗin in gani, in bai yi ba sai a sauke. Amma akwai wanda ya san ko kontar gudu zai yi ƙarya in an canza?

Mai Gareji:
In wayar kontar daga tayar gaba ta fito, ba ruwansa da pinyon. Amma 16 kada ka kawo mini shi gareji, ba da hannuna ba.

Mai Kabu-kabu:
Ɗan Ader, in ka sauke tsohon 14 ɗin kada ka yar, nawa ya fara tsalle. Nawa za ka bar mini shi?