Katangar gida ma gini ce a OpenStreetMap?

Ɗan Bukoki: Salamu alaikum. Na fara zana gidajen unguwarmu na Yamai a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, sai wani ya goge rabin aikina. Ni dai katanga nake bi, in zagaye gida duka. Ina matsalar?

Malama: Ƙanena, ka haɗa da tsakar gida ke nan. Abin da ke da rufi kaɗai ake sa wa alamar building=yes, wato gini, kowane ɗaki da zanensa. Katanga layi ce, barrier=wall. In ka gama, danna Q a iD, manhajar zana taswirar, kusurwoyi su miƙe.

Na Tawa: Rumbu kuma danna O, ya zama da'ira. Amma rufin laka wahala gare shi, launinsa ɗaya da ƙasa. Ni inuwa nake bi, ko in sauya hoton tauraron ɗan adam na Bing da na Esri.

Ɗan Bukoki: Na gode, yaya. Rumfar kwano fa?