Shawarwari kan rubuta tarihin ƙauyen Moisés Ville

Wata ɗaliba ce ta nemi shawara kan yadda za ta rubuta tarihin Moisés Ville, ƙauyen manoma da Yahudawa suka kafa a lardin Santa Fe na Ajantina a 1889. Ga abin da aka tsayar a zaman da aka yi don ba ta shawarar.

Kusan kowa ya ce kada ta fara da Baron Maurice de Hirsch, attajirin Bayahude mai taimakon jama'a, duk da cewa sunansa ne ya fi fitowa. Ƙungiyarsa ta tsugunar da Yahudawa sai a 1891 aka kafa ta, lokacin mutanen sun riga sun iso. Ta fara da iyalan da suka baro Podolia, cikin daular Rasha, suka sauka Buenos Aires daga jirgin ruwan Weser a watan Agustan 1889, suka tarar gonakin da aka yi musu alkawari babu su. A nan aka fi daɗewa ana magana: zaman da suka yi a tashar jirgin ƙasa ta Palacios cikin yunwa, inda yara da dama suka rasu, har likita Wilhelm Loewenthal ya gan su ya kai kukansu Turai. Ni ma ina ganin nan ne zuciyar labarin.

Wani ya tunatar da ita ta duba ƙungiyar gama kai ta manoman, La Mutua Agrícola, ta 1908. In kuma ta samu halin zuwa, ta ziyarci maƙabartar garin da gidan tarihin da ke ɗauke da sunan malamin addinin Yahudawan, Aarón Goldman.